Yadda Ake Kai Iyali Bakin Teku a Badagry Daga Abuja

Sau biyar ke nan ina kwasar iyalina daga Kubwa zuwa bakin teku a Badagry. Zuwan farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, kuma laifina ne. Mun sauka Legas da hantsi, na ce ai kafin azahar muna can, sai ga shi cunkoson motoci ya riƙe mu har la'asar sakaliya. Da muka isa, yara sun galabaita, uwargida ta daina yi mini magana, teku kuwa da kyar muka ga launinsa kafin duhu ya rufe. Daga wannan tafiya na koyi abubuwa biyu da duk sauran bayanin nan ya rataya a kansu: hanya ce ke cinye lokaci, kuma ruwan teku ba ruwan tafkin Jabi ba ne.

Na zaɓi Badagry ne saboda ba ta da hayaniyar wuraren da ke cikin tsakiyar Legas. Gari ne a ƙarshen yammacin jihar, kusa da iyakar Seme da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Benin. Akwai bishiyoyin kwakwa jere a bakin ruwa, akwai kuma tsoffin gine-ginen zamanin cinikin bayi da yaro zai gani da idonsa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Fara da takardu. Katin shaidar ɗan ƙasa na kowane babba, da katin makaranta ko hoton takardar haihuwa na yara. Hanyar ta kan iyaka ce, shingayen jami'an kwastan da na shige da fice ba su da iyaka, kuma da zarar an ga hula da doguwar riga za a iya tambayarka daga ina, zuwa ina.

Tsabar kuɗi, musamman ƙananan canji. Mai kwale-kwale da mai sare kwakwa ba kullum suke karɓar tiransifa ba, sabis ɗin waya ma yakan ɗauke a bakin ruwa.

Tufafi: kowane yaro kaya kala biyu na ranar teku, ɗaya na jiƙewa, ɗaya na dawowa. Ga mata, dogon wando da riga mai tsawo da ɗan ƙaramin hijabi mara nauyi. Silifas na roba ga kowa. Tawul biyu ko uku, da manyan ledoji na zuba jiƙaƙƙun kaya.

Tabarmar roba babba, darduma, buta, da jarkar ruwan daɗi ta wanke fuska da ƙafa. Kular sanyi ta ruwan sha. Guzurin da ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, cincin, dabino, biskit. Kunun aya ka bar shi a gida, ba ya kai azahar a zafin can. Zoɓo ya fi shi juriya idan ya sha ƙanƙara.

Ɗan akwatin magani: farasitamol na manya da na yara, filasta, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, man korar sauro, da maganin amai idan akwai mai jiri a mota. Sai ledar da ake zugewa ta saka waya, domin iskar gishiri da yashi ba sa raga wa waya. Bokitin fenti ƙarami da tsohon ludayi sun ishi yara wasan yashi, ba sai ka sayi na kanti ba.

MATAKI NA 1: ZAƁEN LOKACI

Daminar Legas ta fi tamu tsawo da ƙarfi. Ruwa yakan sauka tun Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni teku ma ya fi fushi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin zuwa.

Amma ka guji ranakun da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da ranar Ista, idan natsuwa kake nema. A ranakun nan bakin ruwa yakan koma filin kiɗa, da lasifika da giya da shigar da ba za ka so 'ya'yanka su gani ba. Ni makon farko na hutun Disamba nake zuwa, ranar Talata ko Laraba. Sau da yawa daga mu sai masunta da masu dawakai. Abu ɗaya game da wannan lokaci: ƙurar hunturu takan jinkirta tashin jirage daga Abuja, saboda haka kada ka ɗaure ranar farko da wani shiri.

MATAKI NA 2: DAGA ABUJA ZUWA LEGAS

Jirgi daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Ka ɗauki na sassafe. Idan aljihu bai kai ba, akwai motocin safa a Utako da Jabi, ta Lokoja da Okene har Ibadan a gangara Legas. Tafiyar yini ce cur, ta fi kilomita 700, don haka a tashi bayan asuba, kuma ban yarda da tafiyar dare da iyali ba. Wanda ya zo ta mota ya kwana a Legas, kada ya ce zai zarce Badagry a daren.

Kwana biyu a can shi ne mafi ƙaranci: ranar isa, ranar yawo, ranar dawowa. Tunda zaman bai kai kwana huɗu ba, kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka. Ka kuma lura Legas tana yamma da mu, magariba takan yi jinkiri da kusan kwata na awa a kan ta Abuja.

MATAKI NA 3: DAGA LEGAS ZUWA BADAGRY

A taswira tafiyar ba ta kai ta Abuja zuwa Lokoja ba, ko kusa. A ƙasa kuwa tana iya cin awa biyu, tana iya cin huɗu. Babbar hanyar takan bi ta Mile 2, ta wuce Ojo inda jami'ar jihar Legas take da kasuwar Alaba Rago da mutanenmu suka sani, sai Okokomaiko, sai Agbara, sannan Badagry. Da safe yawancin motoci cikin Legas suke nufa, kai kuma fita kake yi, to ka ci moriyar wannan. Da ƙarfe huɗu na yamma ta yi, lissafi ya juye.

Ka ɗauki shatar mota guda ta kwana biyun nan, ku yi ciniki a gama tun kafin a ɗora jaka: kuɗin mai a kan wa, kwanan direba a kan wa, zai jira ku a kowane wuri ko kuwa. Na taɓa yin sakaci da wannan, direban ya ajiye mu a ƙofar masauki ya ce shi iyakar cinikinsa ke nan, washegari sai da na biya ninki. Idan kana da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ka roƙe shi ya haɗa ka da direban da ya sani, ya fi wanda za ka tsinta a bakin filin jirgi.

In babu halin shata, akwai bas-bas daga Mile 2 zuwa shataletalen Badagry, daga nan a hau Keke Napep. Da yara ƙanana da kula da tabarma, wahala ce, amma ana yi.

A shingen jami'ai ka sauke gilashi, ka gaisa, ka ba da kati in an tambaya, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto.

MATAKI NA 4: MASAUKI

Ka kira tun daga Abuja, ka yi tambaya uku: wuta tana kwana, ruwa yana zuwa a famfo, kuma akwai mashaya ko gidan rawa a harabar? Ta ukun ita mutane ke mantawa, sai cikin dare kiɗa ya hana jariri barci. Ka nemi ɗaki mai nisa da mashayar, mai raga a taga. Garin yana bakin tafki ne, sauronsa ba ya wasa. Zafin can kuma mai gumi ne, zufa ba ta bushewa a jiki kamar namu, saboda haka a yi ta ɗura wa yara ruwa ko ba su nema ba.

Akwai Musulmi da masallatai a garin, abinci ba zai gagare ka ba. Mutanen wurin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, da Yarbawa. Miyarsu da yaji, ka ce a rage wa yara tun kafin a zuba.

MATAKI NA 5: YAWON CIKIN GARI, KAFIN RANA TA TAKE

Ku fito ƙarfe takwas da rabi. Wuraren tarihin suna kusa da juna a titin bakin tafki da ake kira Marina, ana iya taka wasu da ƙafa. Kowanne yana da kuɗin shigarsa da mai yi wa baƙi bayani. Ka tambayi kuɗin gaba ɗayanku kafin ku shiga.

Ni da gidan adana kayan tarihi na Badagry nake farawa, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. A nan yara za su ga sarƙoƙi da mari na ƙafa da na wuya. Daga nan sai gidan benen da ake cewa shi ne na farko irin na Turawa a Najeriya, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845. Ɗana na fari ya ce da mai bayanin, ai a Kano akwai soro tun kafin nan. Na ce masa ya yi shiru, amma a raina na ba shi gaskiya.

Inda na fi daɗewa shi ne gidan Seriki Williams Abass. Mutumin nan shi kansa bawa ne da aka kai Birazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya ya zama jigo a cikin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Seriki ɗin nan da kake ji, kalmarmu ce ta sarki ta shiga bakin Yarbawa. A gidan akwai ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ka shiga ɗaya da yaranka, a turo ƙofa na minti guda. Tagar ɗakin 'yar ƙarama ce can sama, iska ba ta shiga, kafin a buɗe rigarka ta jiƙe. 'Yata ta tsakiya, mai surutun da ba ta gajiya, ba ta sake cewa uffan ba har muka fito titi.

A nan ne wurin gaya musu cewa labarin nan ya shafe mu. Cikin waɗanda aka yi lodinsu daga tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil. Sun shirya tawaye a can a 1807, kuma a 1835 bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado cikin watan azumi. Ta Badagry ɗin nan kuma Clapperton, wani Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya sauka a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Yarbawa da Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya mutu a 1827. Yara sukan buɗe baki idan suka ji cewa irin tafiyar da muka yi a awa ɗaya a jirgi tsakanin Arewa da bakin teku, shi watanni ya yi yana tafe.

Idan akwai yaro ƙasa da shekara shida, ko mai saurin firgita, uwarsa ta zauna da shi a waje.

MATAKI NA 6: TSALLAKAWA TSIBIRIN GBEREFU

Tsakanin gari da teku akwai tafki mai kwantaccen ruwa, bayansa kuma tsibirin Gberefu. Kwale-kwale mai inji yana tsallakar da mutane cikin 'yan mintuna. Sharaɗina guda ne: babu rigar ceto, babu shiga. Kowa ya saka tasa, a ɗaure igiyoyinta, ta yaro kuma ta zama daidai jikinsa. Idan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga ta wuce kunnuwansa, ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa. Ka ƙirga mutanen da ke ciki. In ka ga an cika, ka jira na gaba, ko ka biya kuɗin kujerun da suka rage. Ku yi cinikin zuwa da dawowa tare, ka riƙe rabin kuɗin sai an dawo da ku.

Daga inda aka sauke ku akwai tafiyar ƙafa a cikin yashi, hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida. Tafiyar takan ɗauki kamar rabin awa da yara, inuwa kuma kaɗan ce. Tsohuwa ko mai juna biyu su hau babur in an samu, ko su jira a gari. Shekarar da muka je da Hajiya mahaifiyata, a bakin tafki ta zauna da carbinta, ta ce mu gaishe da tekun.

A nan kallo kawai za ku yi. Kada kowa ya shiga ruwa, babu mai ceto a wurin.

MATAKI NA 7: BAKIN TEKU

Bayan azahar, idan rana ta fara sanyi, ku nufi Suntan, bakin tekun da ke kan hanyar Seme. Akwai rumfunan haya a ƙarƙashin kwakwa. Ka ɗaga kai ka duba kafin ka shimfiɗa tabarma, kada ta zama ƙarƙashin reshe mai 'ya'ya. Sannan ka dubi yashi: akwai layin da ruwa ya ajiye tarkace da ciyayi, nan ne iyakar inda ya kai da ya cika. Ka yi shimfiɗa a bayan layin. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, don haka busasshen wurin da ka samu da ƙarfe biyu yana iya zama cikin ruwa da ƙarfe biyar. Haka muka yi asarar takalma ƙafa uku a zuwanmu na biyu.

Kafin kowa ya cire silifas, ka tara yaran ka kafa doka. Tawa ita ce: ruwa ba ya wuce gwiwa, ba a juya wa teku baya, kuma kowane ƙaramin yaro hannunsa na cikin hannun babba. Ko da ka iya iyo a kogin garinku, ka bi dokar nan kai ma. Tekun Atlantika a wannan gaɓa yana da ƙarfi, gangaren yashin kuma yana da tsayi. Haɗarin ma ya fi yawa lokacin da igiyar ruwa take komawa: za ka ji tana zare yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka, kana tsaye sai ka ga kana nutsewa. Yaro a nan yake faɗuwa, ta biyu ta zo ta same shi a ƙasa.

Abin da ya fi ruɗar baƙo shi ne wurin da ya ga ruwa ya yi luf a tsakanin igiyoyi masu fashewa, launinsa ya fi duhu, kumfa tana tafiya ciki maimakon ta zo gaɓa. Mutum sai ya ce ga wuri mai lafiya. To nan ne magudanar da ruwan ke bi ya koma ciki da gudu, kuma nan ya fi cin mutane. In ƙaddara ta sa ya ja wani, kada ya yi kokawa da shi yana neman dawowa kai tsaye, zai gaji ne kawai. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga magudanar. Ku da ke waje ku yi ihu ku kira masunta da masu kula da wurin, ku jefa masa jarka ko kula mai murfi. Wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi.

Abaya da dogon hijabi idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu. Shi ya sa na ce a zo da wando. Sannan iyaye su raba aiki a fili, a ce yanzu ke ce mai ido, bayan rabin awa ni ne. Mai ido ba ya riƙe waya. Idan kowa ya ɗauka ɗayan yana kallo, to ba mai kallo.

Sauran kuwa daɗi ne. A bar yara su haƙa rijiyoyi, su bi ƙananan ƙaguwa masu gudu a karkace suna shigewa rami, su tsinci bawon katantanwa. A sare muku ɗanyar kwakwa ku sha ruwanta, a fasa ku kankare na ciki. Masu dawakai za su zo, ka yi ciniki kafin yaro ya hau, kuma mai dokin ya riƙe linzami. Hoto ma ka tambaya ko da kuɗinsa.

Idan la'asar ta yi, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Sai dai kurkurar baki da shi sai jarumi, shi ya sa buta. Alƙibla ba ta da wuya: teku yana kudu, ka sa shi a hannun damanka, ka fuskanci gabas, sannan ka ɗan karkata hagu.

Ku tattara kafin rana ta faɗi. A wanke wa yara jiki da ruwan jarka, domin gishiri in ya bushe yana sa ƙaiƙayi. Hodar jarirai tana kakkaɓe yashi daga tsakanin yatsu fiye da tawul.

IDAN BADAGRY TA YI NISA

Wanda kwana ɗaya kawai gare shi a Legas ya nufi bakin tekun Tarkwa Bay. Da jirgin ruwa ake zuwa daga tsibirin Legas ko Ikoyi, kuma katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ta kare shi, ruwansa ya fi laushi. Dokar gwiwa tana nan duk da haka. Sai a haɗa da gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, mai birai da gadar sama mai tsawon mita 401. Akwai ƙa'idar shekaru wajen hawa gadar, biran kuma suna fizge abinci daga hannun yaro.

MATAKI NA 8: DAWOWA

Yanzu kai ma cikin Legas ka nufa tare da masu zuwa aiki. Ko dai ku tashi da an sallame asuba, ko ku bari sai ƙarfe goma, jirginku kuma ya zama na yamma. Tsaraba: man kwakwa, busasshen kifi, da kwakwar kanta. Za a yi maka tallan shinkafa 'yar waje da araha, kada ka saya, an hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa, a shingen farko za a sauke ta a kuma ɓata maka lokaci.

Man kwakwa da gorar ruwan tekun da tsofaffi sukan ce a kawo musu, a naɗe su a leda biyu a saka cikin babbar jakar da za a auna, kada a riƙe a hannu. Bawon katantanwar da yara suka tsinta kuwa, ka zazzage su tun a masauki, ka wanke da ruwan zafi, ka duba ko akwai mai rai a ciki. Autana ya taɓa ɓoye guda shida a aljihun jakar makarantarsa, sai bayan kwana huɗu a Kubwa muka gano inda warin yake fitowa.